Ɗakin da Muka Gina wa Kawu

Mahaifina ne, amma Kawu nake ce masa. Gara in faɗi wannan tun farko don kada a rikice a gaba. Ni ce 'yar farinsa, kuma ni kaɗai Allah ya ba shi. Ana yaye ni mahaifiyata ta rasu, ƙanwarsa ta goya ni ta kai ni gidanta a Birchi. Na tashi cikin 'ya'yanta, ina ce mata Inna yadda suke cewa, ina ce wa yayanta Kawu yadda suke cewa. Sai da na yi wayo sosai wata tsohuwa mai baki ta tsegunta mini a bakin rijiya cewa mutumin nan da ke zuwa a kan keke ranar sallah, shi ya haife ni.

A wajenmu ba a nuna ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yabonsa, in ma an yi zancensa sai ya kau da kai. Kowa na yin wannan kunyar, amma yawanci in an samu ƙanne, shekaru suka ja, abin kan yi sauƙi. Na Kawu bai taɓa yin sauƙi ba, don shi mutum ne da in ya riƙe abu, to ya riƙe ke nan. In ya zo Birchi zai kira 'ya'yan Inna ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya danƙa wa kowa alewa a hannu, tawa kuwa ya ajiye a kan turmi ya ce a ba waccan. Waccan, shi ne sunana a bakinsa har na haihu, har 'ya'yana suka shiga makaranta.

Kada a ce ba ya so na. Shi ya matsa aka sa ni boko lokacin da ake ɓoye 'yan mata a rumbu in an ji malamai sun shigo gari. Shi ya riƙa aiko da sabulu da takalmi har na gama na zama malamar firamare. Amma duk ta hannun Inna. Ita ce bakinmu. Abin da yake so in ji, ita zai gaya wa, ko da ina zaune a wurin. Abin da nake so ya ji, ita zan gaya wa, ta ƙara gishiri ta kai.

Aikinsa na hanya ne. Ya fara da lebura, ya zama heluma, wato shugaban leburorin da ke cike ramuka da marmara tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Ni kuma Allah ya yi aurena a Kurfi, da wani tela. To, duba abin haushi: in aiki ya kawo su bakin garinmu, sai ya yini yana ganin rufin gidana, amma ba zai tako ba. Gidan suruki ne, ba ya shiga, ba ya shan ko ruwan gidan. In maigidana ya ji suna nan sai ya bar keken ɗinkinsa ya je, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi, kowa na kallon ƙasa kamar waɗanda suka yi wa juna laifi. Da yamma wata mai fura za ta shigo mini da ƙunshin tsire ko ɗan rake, ta ce wani dattijo ya ce a ba yara.

Muna jihar Kaduna a lokacin, ana cikin hayaniyar siyasar farar hula, aka ce shekarunsa sun cika, ya ajiye aiki. Komai ya taru masa a wuri ɗaya. Matar da ya aura bayan mahaifiyata ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Ɗakin da yake ciki a barikin ma'aikata na Dutsin-Ma kuwa na hukuma ne, sabon heluma na jira da iyalinsa. Gidan gado a Birchi ya daɗe da zama kango, awaki ke kwana a ciki. Inna ta rasu damina ɗaya kafin nan, 'ya'yanta maza sun tafi ci-rani kudu sun zauna can. Ba wanda ya rage masa a duniya sai ni, ni ɗin da bai taɓa yi wa magana kai tsaye ba.

Allah ya saka wa maigidana da alheri, ban roƙe shi ba. Shi da kansa ya sa aka kwaɓa ƙasa, aka yi tubali, aka tayar da ɗaki a jikin katangarmu ta gabas. Ya san halin surukinsa, don haka ya sa aka fasa ƙofar ta waje, tana kallon masallacin unguwa, yadda Kawu zai shiga ya fita ba sai ya bi ta zaurenmu ba. Aka kewaye masa bayi nasa shi kaɗai. Muka shirya cewa hatsin da za a yi masa tuwo da albashina za a saya, don kada ya ce yana cin gumin suruki. Na shafe ɗakin da farar ƙasa da hannuna, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ajiye randa. Wallahi tun da nake ban taɓa ɗokin wani abu kamar ɗakin nan ba. Ba wani babban buri gare ni ba, so nake in ajiye kwano gaban mahaifina in ga ya buɗe ya ci.

Maigidana ya sa kwaɗo ya kulle, ya ɗauki limamin unguwarmu suka tafi Dutsin-Ma kai mabuɗi. Suka dawo suka ce ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya ce zai yi shawara. Liman ya ce ai an gama, in fara jiƙa gero. Ni dai da na ji kalmar shawara gabana ya faɗi, don da wa zai yi ta, bayan Inna na kabari?

Ba a daɗe ba matar wani lebura ta tare ni a kasuwar Dutsin-Ma, ta ja ni gefe. Ta ce ko na san tsoho ya bi motar ma'aikata zuwa birni ya dubo gidan gajiyayyu? Wani tsohon abokin aikinsa na can, shi ya je gani, ya dawo yana ta yabon wurin. Wai akwai masallaci, akwai tuwo safe da yamma, akwai malamin asibiti da ke leƙowa, kuma ba ka nauyin kowa. Har ya kai kansa ofishin jin daɗin jama'a ya ce a sa shi. Na tsaya riƙe da kwando, kasuwar nan duk ta juya mini. Gidan gajiyayyu! Wurin da ake kai waɗanda aka tsinta a tasha, da waɗanda danginsu suka ƙare. Ni ina raye, ina ɗaukar albashi, ga ɗaki a kulle yana jiransa.

Ban koma Kurfi ba sai da na biya ta barikin. Da can in na zo, Inna ce ke shiga gaba, ni ina bayanta. Ran nan ni kaɗai na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa yana kallon rediyonsa. Na ce na ji wani zance, na ce ɗaki na nan, na ce yara sai tambaya suke yaushe zai zo. Na yi magana har yawuna ya bushe. Da na gama sai ya gyara zaman butarsa, ya ce wa butar, a koma gida, yamma ta yi, mota za ta yi wuya. Ni mai zafin kai ce, ko a makaranta an san ni, amma a gabansa ba na iya musu. Na tashi na tafi ina haɗiyar zuciya.

Matar da ke riƙe da ofishin jin daɗin jama'a, Madam muke ce mata, Kirista ce daga kudancin Zariya, Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta. Mun san juna sama-sama. Na same ta na zazzage mata komai. Ta ce in kwantar da hankalina, gidan nan ba na masu 'ya'ya ba ne. Ba ta riga ta zauna da shi ba tukuna, kuma in dai yana da ɗa mai hali da ke son riƙe shi, ba za ta tura shi ba. Tambaya ɗaya ce za ta yi masa, ya amsa da bakinsa.

Na fito ina murna, na ce na kama shi. Don Kawu ba ya ƙarya, wannan kowa ya sani. Mutumin da shebur ɗin hukuma ya taɓa karyewa a hannunsa a tsakiyar daji, ba wanda ya gani, ya ɗauko guntayen ya kai ƙarar kansa. Na ce in aka tambaye shi gaban mutane, dole ya faɗi gaskiya, in ya faɗa kuwa ƙofar birni ta rufe, sai Kurfi. Har na gaya wa maigidana ya nemi amalanken da zai ɗauko kaya daga tasha.

Da hantsi muka je, ni da Madam. Yana zaune kan buzunsa a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar ɗakin. Aka kawo mata benci, ni na zauna a ƙasa can gefe. Ta tambaye shi lafiyar jiki, da idon, da ko yana iya wanka da kansa, yana amsawa a natse. Sannan ta ce, “Baba, kana da ɗa ko 'ya a raye?”

Ya sunkuyar da kai. Ya sa yatsa yana jan layi a ƙasa, ya share, ya sake ja. Ta jira, ta jira, sannan ta nuna ni ta ce, “Wannan fa, mece ce taka?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ɗiyar ƙanwata ce. Ita ta goya ta, ita ta aurar da ita.”

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, “Kawu, ka ji tsoron Allah! Kai ka haife ni!”

Matan barikin suka firfito, wata da muciya a hannu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Na faɗi sunan mahaifiyata, na faɗi unguwar da aka haife ni, na ce a duba goshina a duba nasa. Shi kuwa ya lalubi takalminsa, ya naɗe buzunsa, ya shiga ɗaki ya saki labule. Abin da ya fi ƙona mini rai, a ganinsa bai yi ƙarya ba. Ya ba ƙanwarsa ni tun ina zanen goyo, kyauta kuwa a wajensa ba a komawa a karɓe ta.

Madam ba yarinya ba ce, ba a ruɗe ta ba. A hanya ta ce mini ta yarda da ni, ko makaho ya shafa fuskokinmu ya san jini ɗaya ne. Ta koma wajensa ita kaɗai, ta sake komawa, ta lallashe shi, ta ce masa a garinsu tsoho ko a gidan wa ya samu inuwa zama yake. Bai canza ko kalma ba. Ya ƙara mata da cewa in ba a karɓe shi ba, ba komai, akwai rumfa a bayan masallacin Juma'a, ya ga wasu na kwana. Ta zo har makarantarmu ta same ni, ta ce, Malama, ba zan iya ɗaure dattijo da igiya in kawo miki ba, kuma ba zan bar shi a rumfa ba. Na zage ta a zuciyata, na kuma san gaskiya ta faɗa.

Ana gobe zai tafi na je. Kayansa duka sun shiga buhu ɗaya da akwatin ƙarfe. Na durƙusa inda na saba. Shi ne ya fara, yana fuskantar bango, kuma ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ina wurin ba.

Ya ce, “A yi haƙuri. An kyauta, ɗaki ya yi, an gaya mini har randa an sa. Amma idon nan ya kusa tafiya. In ya tafi, wa zai riƙa jana zuwa bayi? Ko ita, ko mijinta. Mutum ba ya kai ɗiyarsa ɗakin miji sannan ya biyo ta ta ga tsiraicinsa. Gara baƙo.”

Na ce masa za mu ɗauki mai yi, za mu biya. Ya ce a gidan dai ne, za a ji, za a gani. Na ce to a ba ni mabuɗin in ba zai zo ba. Ya dafa ƙirjinsa ya ce yana nan, a bar shi tukuna. Wannan tukuna ɗin ita na riƙe na yi ta rayuwa a kanta. Da kuma kalmar ɗiyarsa da ya faɗa, duk da ba ni ya kalla ba, bango ya gaya wa.

Hanyar birni ta Kurfi take bi. Na fito bakin titi da yara muka tsaya, motar ma'aikata ta zo ta wuce a kan marmarar da ya yi rabin rayuwarsa yana zubawa. Yana gaba kusa da direba. Yaran suka ɗaga hannu suna kiransa. Ban sani ba ko bai gan mu ba ne, ko ya gani.

Ba zan yi wa gidan nan sharri ba. Ɗakuna ne a jere, a share, ana yayyafa maganin wari, tuwo na zuwa kan lokaci. Tsofaffi na zaune a rana kan tabarmi, wani na tari, wani na magana shi kaɗai, in suka ji takun baƙo duk sai su juyo ko nasu ne. Yawancinsu ba mai zuwa. Ni duk ƙarshen wata nake shiga mota in je da dambu ko 'yar miyar kaza. In an ce masa ga baƙuwarsa, sai ya ce wa na kusa da shi ɗiyar ƙanwarsa ce daga Kurfi, tana da kirki. Ba ya buɗe kwanon sai na tafi. Wata mai zuwa in tarar da shi a wanke, a kife.

Maigidana ya taɓa cewa ko a ɓalle kwaɗon ya riƙa ajiye yadi a ɗakin, tunda a banza yake. Na yi masa tas, har ya rantse ba zai sake ba. Na ce mai ɗaki bai dawo da mabuɗi ba.

Idon ya tafi gaba ɗaya a shekara ta biyu. Wata rana na iso na hango wani ma'aikacin gidan riƙe da kan sanda, Kawu riƙe da gindinta, ana jansa zuwa bayi. Mutumin ba mugu ba ne, sauri kawai yake, yana hira da wani ta kan katanga, bai lura Kawu ya yi tuntuɓe takalminsa ɗaya ya fita ba. Haka ya bi shi da ƙafa ɗaya a ƙasa. Na laɓe bayan bishiya don kada wani ya ce masa na gani. Na yi kuka ran nan kamar raina zai fita, na kuma tabbata ba zai taɓa zuwa Kurfi ba. Baƙon da ya zaɓa ke nan, kuma ko a lokacin da za a tambaye shi, shi zai sake zaɓa.

Da damina ne. Wata ya ƙare, na yi dambun zogale na tafi. Na yi sallama a ƙofar ɗakinsu, na ga wani tsoho daban a shimfiɗarsa. Abokin aikinsa na dā, wanda ya fara zuwa gani, shi ya gane muryata, ya fashe da salati. Ya ce ai Malam ya cika tun makon jiya, bayan azahar, kafin magariba an kai shi.

Shugaban gidan ya ba ni haƙuri sosai. Ya ce in mutum yana da ɗa, ko a ina yake suna neman hanyar aika masa kafin a ɗaga gawa. Amma shi marigayi da bakinsa ya ce ba shi da kowa sai wata ɗiyar ƙanwa, ba su kuma san gidanta ba, Madam ɗin da ta kawo shi an yi mata canji. Sun yi masa sutura yadda ya kamata, mutane sun yi sahu. Na buɗe baki in yi masifar da na saba, na rasa wanda zan yi wa. Washegari maigidana ya je maƙabarta. Ya dawo ya ce ruwa ya daddaki sababbin kaburburan, mai haƙa ya nuna masa biyu ya ce ko wannan ko wancan, sai ya yi addu'a a kan duka biyun.

Abin da aka ba ni buta ce, da buzu, da carbi, da bargo, da kwanona na watan jiya a wanke. Sai wani mabuɗi a jikin zaren da ya yi baƙi don datti. Wanda ya yi masa wanka ya ce a wuyansa ya ciro, sun gwada a akwatinsa bai shiga ba, ba su san na mene ne ba.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da maigidana ya ɗiga masa man keke. Gara ta cinye tabarmar, rufin ya yi yoyo a kusurwa, randar na nan a bushe. Na share, na shimfiɗa buzunsa, na ce a nan zan karɓi gaisuwa. Matan unguwa suka yi ta shigowa ta ƙofar nan da aka fasa don shi. Kaɗan ne a cikinsu suka san asalin zancen, sauran shekara da shekaru Kawu suke ji a bakina. Kowace ta durƙusa sai ta ce, Malama, ya haƙuri, ashe kawunki ya rasu, ai kawu ma uba ne.

Na gyara wa ta farko, na gyara wa ta biyu. Daga nan na gaji. Duk wadda ta ce Allah ya jiƙan kawunki, sai in ce amin.